Hukuncin Mai Sifana

Garejina na nan bayan Ƙofar Ƙaura,
rumfar kwano, benci guda, da inuwar darbejiya.

Nan Sada ke ajiye nasa, ƙirar Amurka,
baƙi wuluk, ƙirji kamar na bijimin kiwo.
In ya murɗa totur, kofunan shayin Ɗan'iya
sai su kama rawa a faranti,
tantabarun maƙwabta su tashi gaba ɗaya.

Na Rabe ɗan Japan ne, ja,
ta Kwatano ya shigo da tabonsa a tanki.
Ba ya tsawa, gurnani yake ƙasa-ƙasa
kamar kyanwar da ta sami cinya.

"Injin da ba a jiyo shi daga Kwaɗo," in ji Sada,
"keken ɗinki ne aka ɗaura wa taya.
Fistin biyu gare ni, kowane ya yi turmi.
A giyar ƙarshe nake hawa tudu ban canza ba,
ƙarfin a gindi yake, ba a wuya."

Rabe ya kurɓi shayi, ya goge baki.
"Nawa ka saye shi? Faɗi, kada ka ji kunya.
Kuɗinsa ya sayi nawa biyu har da canji.
Lita biyu ta kai ni Kaita ta maido ni,
naka yana shan mai kamar raƙumi a bakin rijiya.
Bel ɗinka da ya tsinke bara fa?
Wata uku muna jiran Legas,
babur na kwance, kai kana jinya."

Sai su juyo kaina: "Bishir, raba mu."
Ni da na buɗe cikin kowane,
na san na Sada notinsa ba ya jin sifanata,
sai da na sayo wasu don shi kaɗai,
amma ƙarfensa ƙarfe ne, ba ƙarya.
Na Rabe kuwa ruwa ke sanyaya shi,
ba ya zubar da baƙin mai ko ɗigo,
sai dai wayoyinsa sun cukurkuɗe kamar taliya.
Na yi shiru. Mai cin tuwo a gida biyu
ba ya kushe miya.

Ran Asabar bayan asuba suka ƙulla:
wanda ya riga shiga Daura, ɗayan ya sayi rago.
Na ji tashinsu har cikin haƙorana,
karnukan unguwa suka raka su bakin hanya.

Hantsi bai yi ba waya ta yi ƙara.
Sada ne, gab da Mashi.
Tanki ya yi ƙasa, ya sha man bumburutu,
ashe an sirka da kalanzir,
bijimi ya yi tari uku ya tsaya.
Rabe ya wuce shi yana ɗaga hannu,
bai yi nisan kiran sallah ba
ƙusa ta shige masa tayar baya.
Mai facin ƙauyen ya dubi faɗinta,
ya dubi ƙarafansa, ya ce, "Alhaji, ban iya."

Na tura yarona Ɗanbala da tsohon babur ɗina,
wanda aka ɗaure sirdinsa da roba,
hayaƙi na bin sa kamar wutsiya.
Galan a gaba, fulogi da faci a aljihu.
Ya wanke wa wannan kafireta, ya liƙe wa wancan,
ya ga rana da saura,
ya zarce Daura gai da kakarsa Hajiya.
Shi kaɗai ya shiga garin a ranar.
Har yau yana tambayar ragonsa,
su kuwa sun mai da zancen abin dariya.

Jiya ma sun zo, sun sake tayar da ita:
wanne ya fi ƙarfi, wanne ya ci kuɗinsa?
Na jawo littafin bashi daga ƙarƙashin benci.
Sada, dubu sha bakwai. Rabe, sha ɗaya.
Na ce, "Ga hukuncina, ku saurara:
babur ɗin da ya fi
shi ne na wanda ya fara biya."