Kwana Shida

Tun ladanin Bagalam bai gyara murya ba
na hura wuta, na ɗora tukunya.
Itacen ya sha raɓa, sai hayaƙi,
ni da shi muna gardama har safiya.

Tsahara na kwance, ido biyu, tana kallona.
"Inna, a taɓa ruwan da gwiwar hannu."
Ni ake koya wa taɓa ruwa!
Ni da na wanke ta a wannan daron,
na wanke yayyenta huɗu, na wanke rabin unguwa,
har mai kantin bakin titi, mai gemun nan,
na san shi tun bai kai tsawon muciya.

Amma na sa gwiwar. Na surka. Na sake sawa.

Zo nan, angona, mai kwana shida a duniya,
ka zo ba goro, ba sadaki, sai tsiwa.
Na miƙe ƙafa, na shimfiɗe shi bisa ƙwauri,
hagu a ƙeya, dama na ɗibar ruwa.
Fuska tukuna, ba sabulu.
Bayan kunne, inda nono kan gangara ya ɓuya,
hammata, matsematsi, ninkin wuya,
ƴan yatsun da ya dunƙule kamar mai dala
ya ƙi a ga ajiya.
Maɗiga na bugawa a ƙarƙashin tafina,
na bi ta sannu, kamar mai shara a bakin rijiya.

Sai cibi.
Ɗan guntu, an matse bakinsa da roba,
ya yi baƙi kamar busasshiyar kuɓewa.
A likita Madam Habsu ta ɗaga mini yatsa:
"Tsohuwa, ban da toka, ban da man kaɗe,
ban da gashi, ban da ɗauri.
A bar shi ya sha iska.
In ya yi ja ko wari, ku taho ko da tsakar dare."
Na ce to. Bakina ya ce, ban da zuciya.

Don tsingarona yana nan bakin murhu,
gadon uwata, hannu ya mai da shi sulɓi.
Na ɗauke shi jiya, har ya ɗau ɗumi,
sai na tuna wani
wanda ba a kai ga yanka masa rago ba,
shekarar da gulbi ya cinye mana garka.
Na gasa nasa safe da yamma, ban yi fashi ba,
na shafa duk abin da aka ce in shafa.
Ran na shida ya ƙi nono, baki ya ɗinke,
ya sandare a hannuna kamar kara.
Aka ce tsuntsu ne ya gitta.
Kwana ya ƙare, wannan na sani.
Sauran, shekara talatin ina tuƙa shi ni kaɗai,
ban kai ga gaskiya.

Na tura tsingaron ƙarƙashin randa,
ya tokare ta, ta bar juya.

Farin tsumma wanda rana ta gasa a igiya,
na dangwala kewayen, na tsane shi sarai.
Dije ta leƙo ta katanga:
"Ba ku gasa ba? Ƙaton cibi zai yi,
yara su mai da shi abin dariya."
Na ce, "Su yi.
Ya dai kai dandalin da ƙafarsa, lafiya."

Ina ɗaga shi, wani abu ya faɗo mini a cinya,
bai kai ƙwallon dabino ba.
Na duba gurbin, a bushe. Na sunsuna,
ba komai sai ƙanshin jinjiri.
Na ƙulle abin a haɓar zane, ban ce uffan ba,
na miƙa shi ga uwarsa, na tsaya
ina jiran in ga bakin nan.

Ya buɗe. Ya kama. Har da gurnani.

A ƙofar gida Mati da mai rago suna ja-in-ja,
gobe suna, jika biyu ta hana a shirya.
Na ɗauki daron, gwiwata na rawa,
na kai ruwan wanka gindin darbejiya.