Tsarabar Kasuwar Barci

Dubu uku da ɗari biyar ne a aljihuna,
Na ƙirga sau uku a bakin titi, ba su ƙaru ba.
Sunaye bakwai a bayan takardar kuɗin wuta,
Ga Kasuwar Barci ta cika, ko gyangyaɗi ba ta yi ba.

Na fara da Gwaggo Ladingo mai ɗinkin hula,
Wadda allurarta ke ɓata sau goma kafin la'asar,
A tashi jikoki, a ɗage tabarma, a kakkaɓe zane.
Wajen mai gyaran rediyo na tsinci maganinta:
Maganaɗisun tsohuwar sifika, kamar ƙosan da ya ƙone.
Ya ce, me za ka yi da wannan?
Na ce, sulhu, tsakanin tsohuwa da ƙasan ɗakinta.

Malam Tanimu maƙwabcina ba ya sayen ashana.
Shekara shida yana buga mini ƙofa da asuba:
"Ko tsinke ɗaya, don Allah."
Na sayi kwali guda, sai na tsaya ina duba.
In ya ƙoshi da ashana, wa zai tashe ni sallah?
Na zare rabi na mayar aljihu.

Kaka Delu gani ya ragu,
Akuyarta kuwa ba ta san iyakar gida ba.
'Yar ƙararrawa na samo, a rataya wa ja'ira a wuya,
Kaka ta koma kiwo da kunne.

Bitrus fa, abokina tun kafin masaƙar Kakuri ta yi shiru,
Sanƙo ya cinye masa kai har ƙeya.
Mataji na zaɓa, ja jawur, mai haƙora sittin,
Don ban manta da rake biyu da ya kawo mini dubiya
Ranar da likita ya cire mini turmi ba.
Bashi ne, Bitrus, yau na biya.

Mai agogo ya ce, bar wannan, ya lalace,
Kullum yana gaba da minti ashirin.
Na ce, shi nake nema tun safe, sa mini a leda.
Ƙanena Ɗanliti zai ga farkon ɗaurin aure bana,
Ba ɓawon goro da kujerun da aka tattara ba.

Sai 'yata Hansatu, shekara shida, tambaya dubu.
Ina kadojin kogin nan suke kwana?
Wa ke kashe rana? Sauro yana da uwa?
Gilashin ƙara girma na samu, da tsaga a gefe guda,
Ta je ta tambayi tururuwa, in huta kwana biyu.

Rana ta sunkuya bayan Tudun Wada.
Saura ɗari uku, kuɗin mota.
Saura suna ɗaya.
Ke da aka raɗa wa Kyauta tun ranar suna,
Me ake ba ki?
Na wuce atamfa ban kalle ta ba, ita ma ba ta kalle ni ba.
Can a tarin tarkace, tsakanin makullai marasa gida,
Na hango marikin murfin tukunya, baƙi, ɗan dunƙule,
Na tuna wani dare kin ce "wash" kina hura yatsa.

Da ƙafa na taka har Rigasa,
Ƙararrawar akuya tana ba ni labari a cikin leda.

Kin juya shi, kin gwada a kan murfin.
Bai zauna ba. Ramin ya yi masa faɗi.
Na buɗe baki zan ɗora wa ɗan kasuwa laifi,
Sai kika ƙulle shi a bakin zane, inda kike ajiye canji,
Kika ce, ba tare da kin ɗago ba,
"Ashe kana ji in ina magana."
Kika ɗora ruwan zafi, saboda ƙafafuna.