Wasiƙa Daga Kan Kwalbati

A ƙauyenmu sabis ba ya shiga gida.
Kan kwalbatin hanyar Auyo yake tsayawa,
kamar baƙon da ba a ce masa bismilla ba.
Nan muka same shi bayan la'asar, mu uku,
saura kwana huɗu shekara ta naɗe tabarmarta.

Tasi'u ya zo da taɓo har ƙwauri,
daga ban-ruwan albasa yake.
Ya ce ya gaji da dandalin kowa-da-kowa:
"Cin kasuwa ne kawai,
a ɗaga hajarka, a yaba, a ajiye, a wuce.
Labarina na mai gyaran injin ruwa,
dare goma sha ɗaya ina bugawa da babban yatsa,
jiya na gan shi a wayar wani direba,
an fige sunana kamar lawashi."

Ilu mai caji ya yi dariya da gefen baki.
Shi ya ji labarin wata manhaja mai biyan kuɗi,
amma sai ka cike takarda da Turanci,
sai ka nuna katin banki,
sannan cikin kowane goma su ɗauke uku.
Tasi'u ya ce, "Gonar aro ke nan,
ka zuba taki, mai ita ya zo da igiyar awo."
Ilu ya ce, "Da zaman banza fa?"

Barira ba ta zo ba, tana bakin aiki a asibiti.
Murya ta turo, ana jin kukan jariri bayanta:
"Ni dai ina nan da matan da ke karanta ni.
Ɗari uku littafi, wata da katin waya take biya,
wata sai ta sayar da ƙwai.
Ba abin nunawa ba ne,
amma tukunyata ta san sunayensu."

Suka juyo gare ni.
Ni alƙalamina jaki ne, ba ya son tsere.
Na ciro takarda daga aljihu,
bayan rasiɗin taki ce,
mutum ashirin da uku, kowa da lambarsa.
Na ce wasiƙa zan riƙa aika musu,
sau ɗaya a wata, ranar da na sami natsuwa.
In faɗa musu nawa tiyar riɗi ta kai,
wa ya haƙa rijiya ya tarar da dutse,
yaushe shamuwa ta sauka kan kukar makaranta,
da kalma guda cikin na kakata
waɗanda yanzu ba mai furta su.
Ba na neman dubu.
Ina neman wanda in na yi shiru zai ce, lafiya?

Ilu ya karɓi takardar yana bi da farce.
A na goma sha bakwai ya tsaya.
"Yaya Mudi," ya ce a hankali,
"ai tun damina..."
Na ce na sani, ni na riƙe kan makara.
Ya ce kamfani ba ya jiran kowa,
layin nan yanzu yana hannun wani.

To, ya kasance.
Wani can a Fatakwal ko Gwambe
zai farka ranar ɗaya ga wata
ya ji cewa albasar Tasi'u ta yi kai,
ruwan fadama ya ja baya taku shida.
In ya goge, ya goge.
In ya amsa, mun zama ashirin da uku cif.

Ba mu tsayar da magana ba.
Wayar Tasi'u ta mutu a hannunsa,
Ilu ya ce hamsin ne caji, ba bashi a sabuwar shekara.
Ladan ya gyara murya.
Muka sauka daga kwalbati,
sabis bai biyo mu ba,
takardar ce kawai ta shiga gari tare da ni.