Zobe Mai Lamba Ɗari Huɗu da Sha Bakwai

Shekara ashirin da bakwai ina ƙirga shamuwa
a kan gawon bakin kogi, a Mai Wurno.
Batul mai shayi har yau tana dariya:
"Ke Ihlas, wa ke biyan mutum don kallon sama?"

Sama ta koya mini abin da jami'a ba ta faɗa ba:
yadda tsuntsu ke sauka kan tsohuwar sheƙa,
ya zare kara ɗaya, ya mayar,
kamar magidanci da ya dawo daga ci-rani.

Sheƙa tamanin a littafina na farko.
Bana, sha tara.
Na yi ja-in-ja da masu gawayi, da masu feshi,
na sha ƙasa ba adadi.
Gawo shida dai bakina ya tsayar.

Jiya wani masunci ya kawo zobe daga cikin koma.
Na goge taɓon, na gane lambar.
Ni na ɗaura shi, shekarar da na yaye Muzammil,
'yar ƙafar na rawa a tafina.

Ban rubuta komai ba.
Gabas ta haɗa; na ɗauki tabarau na fita.