Baƙuwar Kwatano

Ƙarƙashin buhu na ɗari da tara muka same ta,
ranar da kamiyon shinkafa ya iso daga Kwatano,
kwana shida bisa hanya, biyu a hannun duwan.
Barmo ya ɗaga katako, ya ja da baya,
ya ce: wannan ba tamu ba ce.

Tamu ja ce, siririya, mai saurin fushi,
ta san gindin randa, ta san cikin takalmi.
Wannan baƙa wuluk, da sheƙin kore a gadon baya,
hannuwa kamar awartakin maƙeri,
tana tafe a hankali
kamar mai neman ƙofar da ya sani a unguwar da bai sani ba.

Na ɗaga silifa. Ban sauke ba.

Muka sa ta a gwangwanin tumatir,
muka kai wa Jadi mai maganin harbi a bakin kasuwa.
Ya juya gwangwani, ya leƙa, ya daɗe.
Ya ce: shekara talatin ina kiran sunansu,
wannan ban san da wane yare ake ba ta haƙuri ba.

Na tafi da ita gida, Bagalam.
Tsahara ta ce ko ni ko gwangwani.
Na aje shi bayan ɗakin awaki,
na jiƙa tsumma na rufa, na kamo gyare biyu.
Ba ta ci ba.
Watan huɗu ne, ƙasa na gasa tafin ƙafa,
Gulbi kansa yashi ne zalla,
ita kuwa inda ta fito, an ce, bango ma gumi yake.

Ƙanena Tasi'u na can bakin tekun, shekara bakwai,
yana dakon buhunan da nake saukewa.
In ya kira, yakan ce iska ta yi masa nauyi,
tuwonsu ba ya zama a ciki,
yara na nuna shi da baki.

Kwana huɗu ta yi.
Da asuba na tarar ƙarin ya kwanta,
bai harbi kowa ba a Maradi.
Na tona rami gindin bedi, inda ake zubar da ruwan wanki,
wurin da ya fi ko'ina laima a gidanmu.

Da dare na sayi kati na dala ɗari.
Sau uku na kira. Tana ta ƙara.