Gwangwanin Kaka Arzika

Ran Talata bayan azahar Mushe Illiyasu
ya sa muka toshe tagogin aji da kwalaye,
ya haska mana Faris a bangon da fentinsa ke zuba.
Baƙi da fari. Ruwan sama a kan duwatsun titi,
wata mata cikin doguwar kwat tana jiran jirgin ƙasa,
mu kuwa gumi na bin gadon bayanmu,
fanka ɗaya na juyi kamar an yi mata dole.

Na cika littafi biyu da shekaru:
shekarar da hoto ya fara tafiya,
shekarar da ya buɗe baki ya yi magana,
shekarun yaƙi, da aka riƙa ɓoye zance a cikin zance,
sai samarin da suka gaji da ɗakin ɗauka
suka saɓa kyamara a kafaɗa suka faɗa titi.

"Ku lura," in ji Mushe, ya tsai da hoton.
"Yana bakin ƙofa. Ƙiftawar ido, ga shi cikin mota.
Ba tsani, ba sallama.
Wannan tsallen ne ya raba tsohon zamani da sabo.
Zai fito a jarrabawa."

Na hau kabu-kabu zuwa Mokoyo da tsallen a kaina.
Kaka Arzika na kan tabarma yana lallashin rediyonsa.
Idonsa na hagu ya daɗe da yin fari;
ya ce fitilar inji ce ta sha shi,
shekara ashirin da uku a ɗaki kamar akurki
saman gidan siliman da yau ake jibge taki a ciki.

Na ba shi labari. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.
"Tsalle? Ai ni na san tsalle, Tsahara.
Fim kan iso mana bayan ya gama Dakar, ya gama Yamai,
cikin gwangwani, a motar da ta kai gyaɗa ta dawo,
ya gaji, duk jikinsa zane.
In ya ƙone a tsakiya 'yan benci su hau fito,
sai in sa almakashi, in haɗa baki da baki, in liƙe.
Mutum na bakin ƙofa, sai ga shi a mota.
Ba wanda ya ba ni takardar shaida."

Faransancinsa bai wuce na ƙirgen kuɗi ba.
Ya ce Ɗan Jimma mahauci, a bencin gaba,
shi ke sa wa Turawan magana a baki.
In matar ta yi kuka, bashi ake bin ta.
In namijin ya yi shiru yana busa taba,
kuɗin goro ne suka ƙare.
Gari guda ya kwana da wannan labarin,
kuma ba wanda ya ce an cuce shi.

Ya jawo gwangwani daga ƙarƙashin gado, tsatsa ta ci murfinsa.
Ciki guntaye ne, nannaɗe kamar saɓar maciji,
suna warin tsami.
Na ɗaga ɗaya a hasken wayata.
Hannun mace, da zobe, yana miƙewa wajen ƙofa.
Hoto goma sha ɗaya na ƙirga,
na ƙarshen ya babbake daga gefe.

Ran jarrabawa na rubuta abin da aka koya mini,
suna da shekara, shekara da suna.
Na samu goma sha huɗu bisa ashirin,
Mushe ya ja layi da jan biro: a ƙara misali.

Misalin na cikin jakata, naɗe a takardar burodi.
Ban san sunan matar ba, Kaka ma bai sani ba.
A wani wuri an ce ta buɗe ta shiga.
A nan Maradi hannunta bai kai ƙofar ba tukuna.