Randar Ƙofar Ɗaki

Yau kwana arba'in, Tasalla.
An raba gumba, an shafa fatiha, an watse,
tabarmin da aka aro gidan Liman an mayar.
Saura ni da randarki a ƙofar ɗaki.
Ruwanta na nan da sanyinsa,
ni ne na kasa ɗaga moɗa.

Na tuna yammacin da aka kawo ki daga Majiya
a amalanken shanu,
kin ƙi sakin igiyar wata jar akuya mai karyayyen ƙaho.
'Yan unguwa suka yi ta dariya.
Akuyar nan ta haifi garke,
garken ya zama saniya,
saniyar ta kai Haladu makaranta a Hadejia.
Wanda ya fi kowa dariya ran nan,
ke kika ranta masa kuɗin taki.

Shekarar da kogi ya shigo gari da dare,
ruwa ya kama rumbu a wuya,
kowa ya ɗauki abin da ya fi so.
Ni rediyo na ɗauka, Allah na gani.
Ke kika fito da goyo a baya, tukunya a ka,
ruwa har ƙirji.
Na ce, me ke ciki?
Kika ce, baɗi.
Irin gero ne da kika ware tun kaka.
Rabin gonakin ƙauyen nan
jikokin tukunyar nan ne.

Ba zan yi miki ƙarya don kin kwanta dama ba.
Kina da faɗa.
Kin yi gaba da ni kwana tara
don na sayar wa masu faskare ɗorawar bayan gida.
Tuwo na zuwa, ruwan wanka na zuwa,
magana ce kaɗai ba ta zuwa.
Ran na goma na dasa wata.
Ga ta can ta wuce katanga.
Bana ta yi 'ya'ya kamar ta san ba kya nan,
kalwa na zuba, babu mai tsincewa.
Matan Gujungu sun aiko tambaya:
ina mai daddawar da ba ta da tsakuwa?

Ɗan Hansai, angon naki,
wanda kullum kike tsokana wai bai kawo cefane ba,
jiya ya shigo da naira ashirin a dunƙule,
ya ajiye a bakin gadonki,
ya ce in kin dawo a faɗa miki ya biya.
Na ce to.
Me zan ce?

Shekara hamsin da ɗaya
bakinki bai furta sunan ɗanki na fari ba.
Sai dai ki ce yaron nan,
ko ki ce wancan, ki kau da kai.
Yaron nan har ya yi furfura a gemu.
A daren ƙarshe, a asibitin Jahun,
wuta ta ɗauke, muna haska fitilar waya,
kika lalubo hannunsa kika ce, Haladu.
Kika sake faɗa a hankali,
kamar mai tsotsar zuma.
Kika ce, ashe haka yake da daɗi a baki.
Ya kifa kai a cinyarki, kafaɗunsa na rawa.

Nawa sunan kuwa kin tafi da shi.
Malam kike cewa, ko kai, in ranki ya ɓaci.
Ki adana min shi kamar irin geron nan.
Allah ya yalwata makwancinki, ya sanyaya shi,
ya sa Aljanna ce mahaɗarmu.
In na iso, ban damu da lale ba,
ki kira ni sau ɗaya in ji.

Kaji sun shiga akurki.
Bari in cika randar,
kada ta tsage.